Ƙiba ko Kumburi? Waiwaye a Kan Tarihin Girman Manhajar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya mallaki wayar hannu irin ta zamani ya san saƙon nan mai ɓata rai da kan fito a fuskarta, wai ma'ajiya ta cika. Daga nan sai mai waya ya shiga shawara da zuciyarsa: hotunan biki zai goge, ko karatun da malami ya turo, ko kuwa wata manhaja zai sallama domin wata ta sami wurin zama? Yawancinmu mukan ɗora laifin a kan wayar, mu ce ƙarama ce. Alhali kuwa wayar da muke rainawa ta fi kwamfutar da ta kai ɗan Adam duniyar wata ƙarfi da faɗin ciki, nesa ba kusa ba. To, me ya cinye wurin?

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda manhaja, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta domin ta yi aiki, ta tashi daga 'yar mitsitsiya ta zama ƙatuwar da muke gani a yau. Bahaushe ya bambanta ƙiba da kumburi. Ƙiba alama ce ta ƙoshi da lafiya, kumburi kuwa ciwo ne, ko da yake daga nesa su biyun kama suke yi. Da wannan ma'auni za a duba tarihin, a ga wane ɓangare na girman ya zo da amfani, wanne ne nauyi kawai, sannan a ga wanda nauyin yake faɗa wa a ka.

Kafin nan, ya kamata mai karatu ya san mudun awon. Ana auna manhaja da bayit, kuma bayit ɗaya wurin zaman harafi ɗaya ne. Bayit dubu, a kimance, shi ne kilobayit. Kilobayit dubu shi ne megabayit. Megabayit dubu kuma gigabayit. Idan shafin littafi yana ɗauke da haruffa 2,000, ƙagaggen labari mai shafi 100 zai ci kilobayit 200 ke nan. A riƙe wannan littafi a zuci, domin da shi za mu riƙa awo.

2.0 Zamanin Ƙunci

A ranar 20 ga Yulin 1969 Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a kan wata cikin kumbon Apollo 11 na Amurka. Kwamfutar da ta yi musu jagora tana da wurin ajiyar umarni na kimanin kilobayit 72, da wurin lissafin wucin gadi na kimanin kilobayit 4. Da mudunmu, duka-duka bai kai shafi 40 ba. Ayarin da ya rubuta manhajar jirgin a cibiyar fasaha ta MIT yana ƙarƙashin jagorancin Margaret Hamilton. Abin sha'awa, saƙa manhajar aka yi a zahiri. Mata ma'aikata a masana'antar Raytheon suka riƙa zura siririyar waya ta cikin ƙananan zobba na maganaɗisu: in waya ta bi ta cikin zobe, lamba 1 ce, in ta kewaye shi, sifiri ne. Wanda ya san cewa kowane umarni da ya rubuta sai an saƙa shi da hannu, kuma in an gama saƙa warwara sai da ɗan karen wuya, ba zai rubuta abin da ba shi da dalili ba.

Wannan tsantseni ya yi rana. Ana cikin sauka sai aiki ya yi wa kwamfutar yawa, ta riƙa nuna gargaɗi mai lamba 1202. Da yake an tsara ta ta san aikin da ya fi wani muhimmanci, sai ta ajiye ƙananan ayyuka ta riƙe na sauka, jirgin ya dira lafiya.

Haka abin ya ci gaba bayan da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane. A 1975 Bill Gates da Paul Allen da Monte Davidoff suka rubuta harshen BASIC domin na'urar Altair 8800, suka matse shi cikin kilobayit 4, har da ɗan sarari da suka rage wa mai amfani. A kan wannan shafi biyu aka kafa kamfanin Microsoft. A 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka fito da VisiCalc, kakar duk manhajojin jadawalin lissafi da akantoci ke aiki da su a yau. Nau'inta na kwamfutar IBM kilobayit 27 ne da 'yan kai. A 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da wasan Super Mario Bros. cikin kilobayit 40. Domin tsimin wuri, zane ɗaya aka yi amfani da shi a matsayin gajimare da kuma kurmin ciyawa: a sama a shafa masa fari, a ƙasa a shafa masa kore. Miliyoyin yara sun yi wasan ba su lura ba.

Sai dai kada a ɗauka zamanin ƙunci alheri ne zalla. Tsimin nan ne ya sa masu rubuta manhaja suka riƙa rubuta shekara da lamba biyu, 69 a maimakon 1969. Da shekarar 2000 ta gabato sai aka farga cewa kwamfutocin bankuna da na gwamnatoci za su iya ɗaukar 00 a matsayin 1900. Gwamnatoci da kamfanoni suka kashe biliyoyin daloli wajen gyara. Ke nan rama ma tana da nata ciwon.

3.0 Zamanin Yalwa

A 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya lura cewa yawan taransistocin da ake iya dasawa a kan ƙwayar lantarki ɗaya yana ninkawa duk shekara. A 1975 ya gyara hasashen ya koma duk shekara biyu. Taransista ita ce ɗan makunnin da kwamfuta ke lissafi da shi, saboda haka yawanta shi ne ƙarfin na'ura. Ƙwayar Intel 4004 ta 1971 tana da taransista 2,300. Ƙwayar M1 da kamfanin Apple ya fitar a 2020 tana da biliyan 16. Faifan ajiya shi ma haka ya riƙa faɗi yana araha. Faifan filofi da aka yi yayi a shekarun 1990 yana ɗaukar megabayit 1.44, wato littafinmu guda 7. Faifan CD da ya gaje shi yana ɗaukar megabayit 650, sama da filofi 400.

Da wuri ya samu, sai manhaja ta miƙe ƙafa. Tarihin Windows kaɗai ya isa misali. Windows 95, wadda ta fito a Agustan 1995, an sayar da ita a kan filofi 13. Tana neman megabayit 4 na wurin lissafi da kimanin megabayit 55 na faifai. Windows XP ta 2001 ta nemi megabayit 64 da gigabayit 1.5. Windows 11 ta 2021 ba ta hawa kwamfuta sai tana da gigabayit 4 na wurin lissafi da gigabayit 64 na ajiya. A cikin shekara 26 kowane ɓangare ya ninka sau dubu ko fiye. Gigabayit 64, da mudunmu, littafi 320,000 ne. A fagen wasanni kuwa, a 2020 wani nau'in Call of Duty ya haura gigabayit 200 a kwamfuta.

Ma'aikatan wannan fanni sun daɗe da mayar da abin barkwanci. A shekarun 1990 sukan ce duk abin da Andy ya bayar Bill ya karɓe, suna nufin Andy Grove shugaban Intel mai ƙera ƙwaya mai sauri, da Bill Gates mai rubuta manhajar da za ta lashe saurin. Tun a 1955 ma, marubucin nan na Ingila C. Northcote Parkinson ya lura cewa aiki yakan miƙe har ya cinye duk lokacin da aka ware masa. Ma'aikatan gwamnati yake yi wa shaguɓe, amma maganar ta zauna wa manhaja daram.

4.0 Gardamar Masana

A watan Fabrairun 1995 Niklaus Wirth, masanin kwamfuta na jami'ar fasaha ta ETH da ke birnin Zurik a ƙasar Suwizalan, wanda ya ƙirƙiro harshen Pascal, ya buga wata maƙala a mujallar Computer yana roƙon a rage wa manhaja teɓa. Ya tuna cewa shekara 25 kafin lokacin ana iya rubuta manhajar buga rubutu da bayit 8,000, amma na zamaninsa suna neman ninkin haka sau ɗari, ba tare da sun fi sauri ba. Ya kawo wata magana da ya jingina wa Martin Reiser, cewa nauyin manhaja yana ƙaruwa fiye da yadda saurin na'ura ke ƙaruwa. Har yau da sunan Wirth ake kiran wannan ƙa'ida.

Manyan dalilan da ya kawo biyu ne. Na farko, kamfanoni suna cusa duk wani ƙarin aiki da aka nema ko aka zata za a nema, domin yawan ƙyale-ƙyale ne ke sayar da sabon fitowa, shi ne kuma ke tilasta wa mai tsohon ya sake saye. Na biyu, gaggawa. Wanda ya riga kai kaya kasuwa shi ke cin ciniki, tace aiki kuwa yana cin lokaci. Wirth bai tsaya ga faɗa da baki ba. Shi da abokin aikinsa Jürg Gutknecht sun gina tsarin Oberon a ƙarshen shekarun 1980, cikakken tsarin tafiyar da kwamfuta haɗe da kayan rubutu, wanda bai kai kilobayit 200 ba, wato girman littafinmu guda. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 2024.

Ba kowa ya yarda da shi ba. A 2001 Joel Spolsky, wanda ya taɓa aiki a ayarin Excel na Microsoft, ya mayar da martani ga masu kukan kumburi. Ya ce gaskiya ne kowane mutum ɗan kaɗan yake amfani da shi daga cikin abin da manhaja ta ƙunsa, amma kaɗan ɗin wannan daban yake da kaɗan ɗin wancan. In ka yanke abin da kai ba ka buƙata, ka yanke abin da wani ya sayi manhajar dominsa. Ya ƙara da cewa farashin faifai yana faɗuwa fiye da yadda manhaja ke girma, saboda haka kuɗin wurin da take ci raguwa yake yi.

Mu masu rubutu da Hausa muna da dalilin sauraron hujjarsa ta farko. Tsarin haruffa na ASCII da aka kafa a Amurka a shekarun 1960 alamomi 128 kacal ya ƙunsa. Ƙarami ne, tsaf-tsaf, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Shi ya sa magabatanmu a wannan fage suka sha buga rubutu sannan su bi shi da biro suna lanƙwasa haruffa ɗaya bayan ɗaya, domin kada ƙafa ta koma kafa, ko ɓari ya koma bari. Tsarin Unicode da ya fara fitowa a 1991 shi ya ba haruffanmu masu lanƙwasa mazauni, ya kuma ƙunshi haruffan Larabci waɗanda ajami ya ginu a kansu. Zuwa 2024 alamominsa sun haura 150,000. A tsarin da intanet ta fi aiki da shi, harafin b bayit ɗaya yake ci, ɓ kuwa biyu. Wannan girma ne, amma girman da ya buɗe wa harsunan duniya ƙofa. Haka nan manhajar da ke karanta wa makaho rubutu, da kulle-kullen da ke tsare kuɗin mutum a banki. Waɗannan ƙiba ce. Hujjarsa ta biyu kuwa, ta arahar wuri, za mu dawo kanta.

5.0 Zanen Aro

Bayan shekarar 2000 kumburi ya sami sabuwar kafa. Mai rubuta manhaja a yau ba kasafai yake fara gini daga tushe ba. Yakan aro ƙunshin umarni da wasu suka riga suka rubuta, shi kuma ƙunshin ya aro wasu, su ma su aro wasu, har manhaja ɗaya ta wayi gari tana jan ɗaruruwan ƙunshe-ƙunshe waɗanda mai ita bai taɓa karantawa ba. Aro yana rage wahala, yana kuma hanzarta aiki. Amma sau da yawa allura ake buƙata, sai a kinkimo akwatin tela gaba ɗaya.

Misali a nan shi ne Electron, wani tubalin gini da kamfanin GitHub ya fitar a 2013. Duk manhajar da aka gina da shi, irin su Slack da Discord, tana tafe da nata kwafin injin burauzar Chromium a ciki. Wanda ya sa irinsu uku a kwamfutarsa ya ajiye burauza uku ke nan, ban da wadda yake shiga intanet da ita. Shafukan intanet su ma sun bi sahu. A 2015 Maciej Cegłowski ya gabatar da lacca a birnin Sidni na Ostareliya, inda ya nuna shafuka masu ɗauke da ɗan gajeren labari waɗanda nauyinsu ya zarce na manyan ƙagaggun littattafan adabin Rasha. A 2016 matsakaicin shafin intanet ya kai kimanin megabayit 2.3, daidai da girman matsattsen nau'in gwaji na wasan Doom na 1993. Rubutun da mai karatu ya je nema ɗan kaɗan ne a ciki. Saura hotuna ne da tallace-tallace da umarnin bibiyar abin da yake dubawa.

Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja ya yi fushi ya janye ƙunshe-ƙunshensa daga rumbun npm, inda masu harshen JavaScript ke aro. A cikinsu akwai wani mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa shi ne cike gurbi a gefen hagu na rubutu. Nan take dubban ayyuka a faɗin duniya suka tsaya cik, saboda sun dogara da shi ta hanyar aron aro, da yawansu ba su ma sani ba. Sai da masu rumbun suka mayar da shi sannan al'amura suka daidaita.

Wanda ya fi wannan muni shi ne sha'anin tsaro. Kowane layin umarni ƙofa ce da kuskure zai iya shiga, gida mai ƙofofi da yawa kuwa gadinsa wuya gare shi. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle sirrin dubban ɗaruruwan shafuka; ɓarakar tana cikin wani ƙaramin ƙari ne da yawancin masu amfani ba su buƙata. Da ayarin OpenBSD suka ɗauki manhajar domin su tsabtace ta da sunan LibreSSL, a makon farko kaɗai sun share layi kusan 90,000. A Disambar 2021 aka sake ganin irin haka a Log4j, ƙunshin da aikinsa rubuta bayanan abin da ke gudana ne kawai, amma aka ƙara masa ikon ɗauko umarni daga nesa. Ta wannan ƙofa da mutane ƙalilan suka nema aka sami hanyar kutsawa cikin kwamfutoci bila adadin.

6.0 Wa Ke Ɗaukar Nauyin?

Yanzu sai mu koma ga batun arahar wuri. Araha a wurin wa? Mai rubuta manhaja galibi yana zaune ne gaban sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, da intanet mai gudu wadda ba a auna masa. A wurinsa ƙarin megabayit 50 ba ya ko motsa shi. Ɗalibin da ke sayen data da awo, yana riƙe da waya mai ƙaramin ciki, ga wutar caji sai an yi dace, shi ne zai biya kuɗin saukewa, ya sake biya duk lokacin da aka ce a sabunta, sannan ya goge hotunansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Su kansu kamfanonin sun tabbatar da haka da ayyukansu. Burauzar Opera Mini, wadda ta bazu a duniya daga 2006, ta sami karɓuwa ƙwarai a Nijeriya saboda takan matse shafi a can wurinta kafin ta turo shi waya. A Janairun 2015 kamfanin Facebook ya fara gwajin Facebook Lite a wasu ƙasashe takwas na Afirka da Asiya, ciki har da Nijeriya da Sudan. Girmanta a lokacin bai kai megabayit ɗaya ba, amma ana karanta saƙo, ana sa hoto, ana mayar da magana. A 2017 Google ya fito da Android Go domin wayoyin da wurin lissafinsu bai wuce gigabayit ɗaya ba. A wannan shekarar ce kuma wani jami'in kamfanin ya bayyana cewa duk ƙarin megabayit 6 a girman manhaja yana rage yawan masu sauke ta da kimanin kashi 1 cikin 100. Daga Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajojin kasuwarsa wani tsarin ƙunshi da ke aika wa kowace waya abin da ya dace da ita kaɗai, maimakon a loda mata kayan kowace irin waya. Abin lura a nan shi ne, da kasuwa ta nema, ragewar ta yiwu. Ashe dama ba gagara ta yi ba.

Akwai kuma asarar na'urar kanta. Wayar da ba ta fashe ba, kwamfutar da ba ta ƙone ba, sai a wayi gari ta zama tsohuwa don kawai manhaja ta yi mata nauyi. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kumburin manhaja ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke rage wa na'ura kwana. Wanda ya taɓa zagaya kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ya ga inda kwamfutocin da aka gaji da su a Turai da Amurka suke fara rayuwa ta biyu. Irinsu ne a hannun ɗalibai da malamai da yawa, kuma tsawon amfaninsu ya rataya ne a kan nauyin abin da za a ɗora musu.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi manhaja tun daga kilobayit 72 na Apollo zuwa gigabayit 64 na Windows 11. An ga cewa ƙunci ya koya wa magabata tsimi, har wani lokaci ya wuce kima. Yalwa kuma ta kawo alheri na gaske, kamar mazaunin da haruffanmu suka samu, ta kuma kawo sakaci. Abin da ke raba ƙiba da kumburi tambaya ɗaya ce: wannan ƙari, wa ya amfana, wa kuma ya biya? In mai amfani ne ya amfana, girman ya halatta. In kuwa gaggawar kamfani ce ko lalacin tacewa aka ɗora wa wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi, to ciwo ne, kuma tarihi ya nuna yana jin magani.

Ɗalibin adabi ba baƙo ba ne ga wannan darasi. Ya san cewa karin magana mai kalma biyar yakan ɗauki abin da shafi guda ya kasa, ya kuma san cewa soke layin da aka sha wuya wajen rubuta shi ya fi ƙara sabo ciwo. Daga cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe za a kira su fassara manhaja zuwa Hausa, ko su haɗa hannu da masana kwamfuta a gina ƙamus ko taskar adabi ta waya. Idan ranar ta zo, ya kamata su nemi a gwada aikin a kan mafi ƙanƙantar wayar da ke ajinsu, da datar da ɗalibi zai iya saya, kafin a ce an gama. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.